Darasin da Teku Ta Koya Mini

Shekara tara ina koyar da labarin ƙasa a Jalingo, ina zana teku a allo da shuɗin alli, alhali ban taɓa ganinta ba. A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na kwashi iyalina, da uwargida da yara uku, muka tasam ma bakin teku. Muka bi ta Ikko, muka ƙetare iyaka a Seme, muka kwana a Zangon Kwatano cikin ƙasar Benin, inda muka iske Hausawa kamar a gida. Daga nan sai Lome ta Togo, sai Akra, har muka sauka Elmina, wani garin masunta a ƙasar Gana.

A Elmina akwai wani babban gini mai ganuwa da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya aka riƙa tsare bayi a ciki kafin a ƙetare da su. Mun shiga, mun fito jikinmu a sanyaye. Ranar kuwa Talata ce, kwale-kwale duk suna daure, domin masuntan wurin ba su fita su a ran Talata.

Muna tsaye a bakin ruwa, sai autarmu ta ɗebo da hannu ta kurɓa, ta tofar. Ta ce, "Baba, wa ya zuba gishiri a ciki?" Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Ga ni malamin labarin ƙasa, yarinya 'yar shekara bakwai ta ƙure ni a gaban uwarta!

Da yamma wani dattijo ya kai mu fadamun da ake yin gishiri a bayan gari. Ana tare ruwan teku a fage, rana ta shanye shi, gishiri ya rage fari fat. Nan kaina ya waye. Watau koguna suna wanko ɗan gishirin duwatsu da ƙasa su kai teku. Rana tana ɗauke ruwan, ta bar gishirin. Haka yake taruwa tun zamanin da, har yanzu kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35.

To, ku duba ikon Allah. Kogin Lamurde na nan garinmu yana zuba cikin Binuwai, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lakwaja, su gangara tare har Tekun Atlantika. Iskar damina kuma daga wannan teku take tasowa, ta kudu maso yamma, ta kawo mana gizagizai. Ashe ruwan da ke shayar da gonakinmu can ya fito, can kuma zai koma.

Ku ɗalibai masu shirin fita gwajin koyarwa, ba kowane yaro ne zai ga teku ba. Amma kuna iya jiƙa gishiri a faranti, ku shanya a rana, bayan kwana biyu yara su ga abin da ya rage, su ɗanɗana. Sa'an nan ku bi Lamurde da yatsa a taswira har teku. Gani ya kori ji. In kuwa yaro ya yi muku tambayar da ta fi ƙarfinku, kada ku tsawata masa. Ku ce, "Bari mu bincika tare." Allah ya sa mu dace.