Shugaban Taro Bawan Taro Ne

Sa'ad da lokacin taron Ekklesiya ya yi, sau da yawa mu kan ce, a ba dattijo wane kujera, gama ya fi kowa shekaru, ko a ba malam wane, gama ya fi kowa baki. Ba mu cika tambaya ko mene ne aikin mai-zaman kujeran nan ba. Ga shi kuwa, taro ɗaya da ya lalace ya isa ya raba 'yan'uwa shekara da shekaru. Bari mu duba yadda mutanen dā su ka riƙe wannan aiki.

Mu fara da Ayyukan Manzanni sura 15. Wajen shekara ta 49 manzanni da dattawa su ka taru a Urushalima a kan wata babbar magana, watau ko lalle ne a yi wa al'ummai masu-bi kaciya. Aka yi gardama ƙwarai. Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus kuma su ka ba da labarin aikin Allah cikin al'ummai. Yaƙub bai tsoma baki ba sai da kowa ya gama. Sa'an nan ya tattara abin da aka faɗa, ya auna shi da maganar annabi Amos, ya kawo shawara wadda jama'a su ka yarda da ita. Aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya, 'yan'uwa su ka yi murna.

A sura 19 kuma mu na da labarin taron gari. A Afisa, Dimitiriyas maƙerin azurfa ya zuga mutane, su ka yi ta ihu kamar sa'a 2, yawancinsu ba su ma san dalilin taruwarsu ba. Magatakardan gari, wanda ba mai-bi ba ne, ya kwantar da su, ya tuna masu akwai ɗakin shari'a da taro na ƙa'ida, ya sallame su. Kalmar Helenanci da Luka ya kira taron nan da ita, ita ce ekklesiya.

Mutanen Atina kuwa, don tsoron kada mutum ɗaya ya mallake taro, da ƙuri'a su kan fid da shugaba, ya yi yini ɗaya da dare ɗaya kaɗai.

A Ingila, cikin 1376, wakilan jama'a su ka zaɓi Peter de la Mare ya kai kukansu gaban manyan ƙasa. Bayan an watse aka jefa shi kurkuku. Daga nan ne sarautar da mu ke kira Kakakin Majalisa ta samo asali. Sunan ya dace, gama kakaki ba ya ƙara da kansa, sai abin da aka busa a ciki. Cikin 1642 Sarki Charles na 1 ya shiga majalisa da niyyar kama wakilai 5. Da ya tambayi Kakaki William Lenthall inda su ke, sai ya durƙusa ya amsa da ladabi, ya nuna shi bawan majalisa ne, ba shi da ikon faɗin kome sai abin da ta umurce shi.

Ekklesiyar Sikotlan ma ta bi wannan hanya. Shugaban babban taronta shekara ɗaya ya kan yi, sa'an nan ya sauka a zaɓi wani.

To, me za mu koya? Na fari, shugaban taro shi ne na ƙarshe wajen magana. Na biyu, ya ba mai-ƙaramar murya zarafi, har wanda ba ya goyon bayansa. Na uku, in an gama, ya faɗi abin da taro ya yanke, ko da ba haka ya so ba. Na huɗu, in rai ya ɓaci, ya tsai da magana a yi addu'a. Bulus ya gargaɗi Korantiyawa a yi kome bisa ga tsari (1 Korantiyawa 14:40).

'Yan'uwa, kafin taro na gaba mu tambayi kanmu: wanda za mu ba kujera, ya iya yin shiru har ɗan'uwansa ya gama? Mu yi masa addu'a, mu kuma saurare shi sa'ad da ya ce mu zauna.