Fetur Ba Ruwan Wanki Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Goge Inji A Gida

Da zarar an ɗaure damman hatsi, sanyi ya fara shigowa, hankalin mutanen Bonkuku da sauran garuruwan Imanan yakan koma fadama. Ruwa a Dallol Bosso ba shi da nisa, dankalin turawan da ake nomawa a nan kuwa har kasuwannin Yamai ya san hanya. A wannan lokaci ne ake jawo injin ban-ruwa daga ƙuryar ɗaki inda ya kwana tun bara, a kwance shi, a wanke, a goge. Samari kuma ba sa samun natsuwa sai murfin injin babur ya yi ƙyallin da za a ga fuska a ciki. Babu laifi a nan. Kula da kayan sana'a godiya ce ga Allah da ya bayar. Laifin yana ga wurin da ake aikin, da abin da ake wankin da shi.

Ku duba yadda ake yi. An shimfiɗa buhu a tsakar gida, an tsiyaya fetur a babban gwangwanin tumatir, an tsoma kabireta, ana dirza da tsohon buroshin haƙori. Taku kaɗan daga nan uwargida tana hura murhu, yara sun kewaye wutar jin ɗumi. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai wutar tana can nesa, Malam." Wannan kalma ta nesa ita ce ta cinye gidaje.

Ya ku jama'a, ku sani ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, wanda ido ba ya gani. Fetur yana fitar da wannan tururi ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a ƙasar Imanan. Tururin ya fi iska nauyi wajen ninki uku, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi. Kowane mai lambu ya san halin ruwa. In ka tada inji a bakin rijiya, ruwan ba ya tsayawa inda ka zuba shi. Yana bin gangare a hankali, ya ratsa ƙarƙashin ganye, ya zagaye tudu, ya sami 'yar kafar da ba ka lura da ita ba, sai ka waiwaya ka tarar ya cika fangalin da ke can ƙarshen lambu, kai kana tsaye ƙafarka a bushe. To, haka tururin fetur yake rarrafe a tsakar gida, ya bi gindin danga, ya shiga madafa, har ya iske garwashi. Sai dai shi ruwa in ya tafi ya tafi ke nan, wuta kuwa da ta kama sai ta biyo sawun tururin a guje, ta komo kan gwangwanin da ke tsakanin ƙafafunka.

Ba sai harshen wuta ba ma. Tartsatsin fulogi ya isa in ana gwada shi kusa da kwanon wanki, haka injin gurza ƙarfe. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna ɗiba da bokiti da jarka, ta kama, fiye da mutum 50 suka rasu a wannan dare. A Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya cikin jihar Jigawa, aka binne fiye da 140. Kada wani ya ce ai waccan tanka ce. Lita ɗaya ta isa ta tashi ɗaki, mu kuwa gidajenmu zana ne da kara da shibci, ga rumbu cike da abincin shekara, ga iskar hunturu tana jira. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, amma kafin mota ta iso ƙauye, unguwa ta zama toka.

A nan dole a yi wa magidanta faɗa. Kai ne mai gida, kai ka ajiye jarkar fetur a bayan ƙyauren ɗakin da 'ya'yanka ke kwana, wai kada ɓarawo ya ɗauka, ko don mai ya yi wuya kamar yadda aka gani a Maris 2025. In abin ya auku sai ka zauna a tabarmar gaisuwa kana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, babu musu, amma sakaci laifi ne, kuma za a tambaye ka. Malamai sun karantar da mu cewa gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa da dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci. In an ja kunne a kan fitila, ina ga wanda ya kwantar da iyalinsa kusa da lita 20 ta fetur? Kuma wutar ba ta san iyakar gidanka ba. Da wane ido za ka dubi maƙwabcin da rumbunsa ya ƙone saboda kana son inji ya yi ƙyalli?

Hanyar kirki ba ta da tsada. Fita da aikin waje, a fili, nesa da murhu da yara, ka ajiye bokitin yashi kusa. Ruwan ɗumi da omo da buroshi suna fitar da mafi yawan baƙin mai daga jikin inji na ƙarfen gorar ruwa. In ya ƙi, ɗan gas ko kananzir ya fi fetur sauƙin haɗari nesa ba kusa ba, ko da yake su ma ba abokan wuta ba ne. Ƙyalli kuwa ba fetur ke kawo shi ba. Samfefa ce jiƙaƙƙiya, a fara da mai lamba 400, a bi da 800, a ƙare da 1200, sannan man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Kada a taɓa fuskar da gasket ke zama, in ta zaizaye inji zai yi ta yoyo. Tsumman da ya sha mai kuma ba a cusa shi a aljihu. In wuta ta kama, yashi ake zubawa, ruwa yaɗa ta yake yi. Wanda rigarsa ta kama ya faɗi ya yi birgima, kada ya ruga. A kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai, a garzaya asibiti.

Sauran haɗurran a taƙaice. Sodar yin sabulu tana cin gorar ruwa, tana fitar da iska mai kamawa, tana makanta ido. Ruwan batir shi ma haka. Mai gurza da inji ya tuɓe babbar riga, ya naɗe jelar rawani, ya kare ido da hanci. Kada a zuba fetur a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka ya sha; in ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi likita. Kwanon da aka wanke inji a ciki ya bar madafa ke nan har abada. Ruwan wankin kuma a haƙa masa rami can nesa da rijiya, domin a dallol abin da aka zubar a ƙasa ba ya daɗewa bai iske ruwan sha ba.

Masu unguwa da limamai su maimaita wannan magana a masallaci da ranar kasuwa, tun kafin a fara kwance injina, kuma duk wanda aka gani da kwanon fetur kusa da murhu a tashe shi nan take, ko da dattijo ne.