Waƙar Tsaron Haƙori da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitoci huɗu da sharhinsu.

Ɗan'uwa riƙe asuwaki kullum,
Haƙori in ya faɗi ba ya komawa.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, yaro yana da haƙori 20, yana famfara wasu su maye gurbinsu. Baligi yana da 32, wanda ya faɗi daga cikinsu ya tafi ke nan. Turmin farko na dindindin yana fitowa wajen shekara 6, iyaye su kula, kada su ɗauke shi na famfara ne. Mai karatun Alƙur'ani ya fi kowa bukatar haƙori, domin Sa mai ɗigo uku da Zalun da Zadi suna fita tsakanin kan harshe da haƙoran gaba na sama, Fa tsakaninsu da leɓen ƙasa, Ladi kuwa gefen harshe da turame. Asuwaki yana cikin mustahabban alwala a mazhabar Maliku, kamar yadda ya zo a Ahalari. Ya halatta ga mai azumi yini duka da busasshen itace, ɗanye makaruhi ne.

Sukari da shayi su ke haƙa rami,
Tun yana ƙarami a je ga toshewa.

Sharhi: Babu tsutsa cikin haƙori. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, su fid da tsami mai narkar da bayan haƙori. Mai kurɓar shayi mai zaƙi daga hantsi har dare bai bar wa bakinsa hutu ba. Sai a haɗa asuwaki da buroshi da man goge baki mai fuloraid, safe da lokacin kwanciya, minti 2. Amma asuwaki tsari ne, ba ya toshe ramin da ya riga ya haƙu. Wannan aikin likitan haƙori ne: ya kankare ruɓar, ya cike gurbin. Shi ne kuma mai kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori, mai sa dasashi zub da jini.

In ya kai ga jijiya kar ka zauna,
Kumburin fuska ba ya son jinkirtawa.

Sharhi: Ciwon da ke hana barci alama ce ruɓa ta kai jijiya. Sau da yawa likita na iya fid da jijiyar, ya wanke, ya toshe, haƙori ya tsira. In ya lalace ƙwarai, sai cirewa bayan allurar kashe zafi. Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙonewa ya ke yi. Kada a yarda a cire da ƙarfen da ba a tsarkake ba, yana ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani. In fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi asibiti ran nan, domin wannan yana kisa.

An cire, bar kuskurar baki yau,
Alwalarka ta yi, babu ɓatawa.

Sharhi: Ka ciji audugar da aka sa maka kamar rabin awa, ka bar kuskure baki kwana ɗaya, don gudan jinin da ya toshe gurbin kada ya fita. Kuskurar baki sunna ce ta alwala, barinta ba ya ɓata ta. Cire haƙori ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye jini ko ruwa ba, amma jinkirta shi zuwa dare ya fi in ba matsi. Sa haƙorin roba a giɓi magani ne, ya halatta.

Allah shi ne mafi sani. Allah Ya bar mu da haƙoranmu muna karanta Littafinsa. Amin.