Amsoshin Tambayoyinku: Faifan da Ya Raba Kan Masana

Masu sauraronmu biyu, daga Bodinga da Shagari, sun tambaya ko akwai faifan jaz da masana suka yi saɓani mai tsanani a kansa. Haƙiƙa akwai, malamai. A Disambar 1960, a birnin New York na Amurka, Ornette Coleman ya tara makaɗa da mabusa takwas har da shi kansa, ya kasa su gida biyu, kowa yana bin ilhamarsa, aka fitar da faifan Free Jazz a 1961; da mujallar DownBeat ta zo yanke hukunci, sai wani mai sharhinta ya ba shi taurari biyar, ɗayan kuwa ya hana shi ko guda. A ra'ayinmu na farkon ya fi adalci.