Me ya haɗa Kongolam da tashar Kumbotso?

Wani mai sauraronmu daga Kongolam, can bakin iyakar Nijar, yana tambaya: me ya sa in ana gyara a tashar lantarki ta Kumbotso a Kano, sai su kwana cikin duhu?

To Malam, wutarku ta nan take biyowa. Tana isowa Kumbotso da ƙarfin kilobolt 330, manyan taransifomomi su rage ta zuwa 132, sannan ta bi layin Kankia zuwa Katsina, ta ƙarasa Daura. A Daura ake sake rage ta zuwa 33, kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya raba muku.

Gyaran tasha irin ta Kumbotso kuwa sai an bi a hankali. Taransifoma guda ta fi tan ɗari nauyi, sai an zuba mata gindin siminti, an tace manta, an gwada na'urorin kariya. Kuma dole injiniyoyin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta, su kashe layin, domin wannan wuta tun kafin a taɓa ta take tsallakowa ta kashe mutum.

Abin da ke damunmu shi ne hanyar ɗaya ce. Shi ya sa muke kira da a kammala layin 330 na Kano zuwa Katsina.