Daga Tocila Zuwa Wayar Hannu: Darasi A Kan Da'irar Lantarki

A zangon da ya wuce wani ɗalibi ya kawo mini tocilar mahaifinsa daga Durba, ya ce ta mutu. Da muka buɗe, sai muka ga batir lafiya, ƙwai lafiya, tsatsa ce kawai ta kama ƙarfen da ke gindi. Muka kankare, nan take ta kama. Wannan tocila ta ishe mu darasin bana.

Lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar da za ta fita daga baki ɗaya na batir, ta ratsa ƙwai, ta komo ɗaya bakin. Wannan hanya ita ake kira da'ira. In ta yanke a ko'ina, kome ya tsaya. Aikin makunni ke nan, wato ya haɗa hanyar ko ya yanke ta. Tsatsar nan kuwa ta zama makunnin da ba wanda ya sa.

Abu uku ake aunawa a cikin da'ira. Ku tuna da madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Tudun da ruwa ke gangarowa daga gare shi kamar ƙarfin turi ne, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa kamar yawan wuta ne, ana auna shi da amfiya. Ƙuncin magudana kuwa kamar turjiya ne, ana auna ta da om. Bambancin kawai, ruwan Tiga ba ya komowa, amma dole lantarki ya komo.

A shekarar 1827 wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya nuna cewa in an raba ƙarfin turi da turjiya, za a sami yawan wuta. Ga misali. Batirin sola mai bolt 12 da ƙwai mai om 6 za su ba da amfiya 2. To, in wayoyi biyu tsirara suka taɓa juna, turjiya na iya faɗuwa zuwa om 0.1. Lissafi ya zama amfiya 120 ke nan. Waya za ta yi zafi, roba ta narke, zana ko katifa ta kama. Shi ya sa ake sa fis, wata siririyar waya da ke ƙonewa kafin gida ya ƙone. Kada wanda ya ɗaura waya mai kauri a madadin fis. Wutar gida kuma, mai bolt 230, tana kisa. Ɗalibi ya tsaya ga batir.

Yanzu sai mu ɗan matsa gaba. A 1947 masana uku a Amurka, Bardeen da Brattain da Shockley, suka ƙirƙiro tiransista. Makunni ce wadda lantarki ne da kansa ke kunna ta, ba yatsa ba. In akwai wuta a ce 1, in babu a ce 0. Da waɗannan biyu kwamfuta ke ƙirga, har tana rubuta 5 kamar haka: 101. In ka jera makunni biyu a hanya ɗaya, ƙwai ba zai kama ba sai an kunna wannan da wancan. Ƙofar "DA" ke nan. In kowanne yana da tasa hanyar, ɗaya ma ya isa. Ƙofar "KO" ke nan. Wayar hannu irin ta zamani tana ɗauke da biliyoyin tiransista da aka haɗa su ƙofa-ƙofa haka.

Aikin hutu: ku sami batir biyu masu bolt 1.5, da ƙwan tocila, da 'yar waya, da allurar kwalliya biyu a matsayin makunni. Ku haɗa ƙofar "DA", sa'an nan ta "KO", ku zana abin da kuka yi, ku kawo ranar dawowa. Iyaye, a taimaka a bar musu tsohuwar tocila. Da koyo akan iya.