Amsar Tambaya: Hilux Ɗina Ta Rage Ja

Tambaya: Ina da tsohuwar Hilux mai shan dizal, kuma aljihuna ba nauyi. Me zan saka mata ta ƙara ƙarfi?

Amsa: Malam, kada ka fara da sayen sabon abu. Sau da yawa ƙarfin yana nan, ƙurar hunturu ce ta toshe shi. Canza filtar iska da ta mai, bakanike ya duba nozul, a wanke lagireto. Ragowar kuɗin ka zuba a tayoyi masu kyau da shokozoba da birki, musamman idan kana lodin buhunan hatsi zuwa Dawanau. Manyan tayoyi kuwa ado ne kawai, suna ƙara shan mai, su kashe mata ja a hawa. Masu cewa a taɓa kwamfutar injin, ƙyale su tukuna, tsohon kuloci ba zai jure ba.